Hannun Hagu Biyu

Aikin agwagwa ba ni aka fara ba wa ba. Akwai wata ta roba, rawaya mai jan baki, wadda Auta ta ajiye kusa da kwamfutarta tun tana jami'a. Auta ita ce ƙaramar 'yata, injiniya ce mai rubuta manhaja. Kwana uku a mako a gida take aiki, a ɗakin da keken ɗinkina yake, saboda tagar nan ta fi haske. A sana'arsu, in aiki ya cije, mutum yakan zaunar da agwagwar roba a gabansa ya yi mata bayanin abin da ya rubuta layi bayan layi, da murya a sama, kamar mai koyar da ɗaliba. Wai kafin ya kai ƙarshe sai ya ji kuskurensa da kunnensa. Da farko na ɗauka zolayata take yi. Sai da na ga abokan aikinta a waya, manya da gemunsu, kowa da tasa agwagwar a kan tebur, sannan na yarda.

Wata rana babanta ya shigo neman almakashi. Shekara talatin ya yi yana tuƙin babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma har yau ba ya son ganin abu a zaune ba aiki. Ya ɗauki agwagwar, ya shafa mata gam, ya manna ta a gaban tsohuwar motarsa. Da Auta ta yi ƙorafi, ya ce shi zai maye gurbinta.

Minti goma ya yi a kujerar aka sallame shi.

"Baba, agwagwa ba ta ba da shawara."

"To in ta ga an nufi rami fa?"

"Shiru take yi."

"Ashe shi ya sa ba a ba su lasin," in ji shi, ya miƙe yana ɗingishi.

Ina gefe ina kalmasa bakin riga. Auta ta juyo. "Umma, ke fa? Ba sai kin gane ba. Ki dai zauna ki ji."

Zama da ji ba su taɓa yi mini wuya ba. Na matso da kujerata. Daga ranar Malam, baban nata, ya daina ce mini Tela, ya koma Malama Agwagwa.

Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta awon mutane a gabansa. Tun da na shiga ajin manya na koyon karatu ina da shekara arba'in da bakwai na saba da abu ɗaya: kalmar da ban gane ba sai in rubuta ta, in jira. Sai bayan littafin ya zama na kalmomin Auta. Cikin wata bakwai ga abin da na tsinta.

Akwai wani irin ƙarfe da masana ke son ganewa. A cikinsa ƙwayoyin zarra sun jeru a layi ɗaya kamar ƙananan maganaɗisu, kowane yana jin motsin maƙwabcinsa. In aka taɓa ɗaya, motsin sai ya bi layin, yadda in ka girgiza igiyar shanya kayan da ke can ƙarshe ma sai sun ji. Kwamfutar da muka sani tana lissafa layi mai takwas ko goma sha biyu ba tare da ta yi gumi ba. In ya kai hamsin kuma aka bar motsin ya ɗan daɗe, Auta ta ce jikokinta za su yi furfura ba a gama ba. Shi ya sa ake zuwa wurin wata na'ura, kwamfutar kwantam. Ita tana da nata ƙananan abubuwa, kyubit sunansu. Sai a jera hamsin, a ce kowane ya tsaya a madadin maganaɗisu ɗaya, a koya musu halin ƙarfen, sannan a zuba ido a ga abin da za su yi. Koya musu halin nan shi ne aikin Auta. Na ce a raina, wannan ai gwada riga ne a jikin mutum-mutumi kafin mai ita ta zo.

Na'urar ba a garinmu take ba. Tana can nesa a wani ɗaki, a rataye cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, ta intanet ake aika mata da umarni. Masu jiranta sun yi yawa. Wata biyar su Auta suka yi a layi kafin a ba su awa ɗaya, ranar Alhamis daga sha ɗaya zuwa sha biyu na rana. Kuma wannan ne karo na farko da Farfesa, shugabar ofishinsu, ta ɗora Auta a kan aiki ta ce ke ce gaba. A ƙarshen wata kwamiti zai zauna. In akwai sakamako, aikin ya ci gaba a hannunta. In babu, a naɗe shi, a rarraba mutanen. Awar nan in ta zube, wata awar ba za ta samu ba sai kwamiti ya daɗe da tashi.

Tambayar da suke son na'urar ta amsa ba ta da tsawo. A layin hamsin ɗin za a saka ƙwaya ɗaya wadda ba irin sauran ba, suna ce mata baƙo, a kujera ta uku. Sai a taɓa na kujera ta huɗu, maƙwabcinsa, a ga ko motsin zai ratsa baƙon ya wuce ko zai dawo da baya. Auta ce ta rubuta ɓangaren da ke jera layin ya zaunar da baƙo. Ɓangaren da ke taɓawa da karanto amsa kuwa Dogo ne ya rubuta, abokin aikinta da ya girme ta da 'yan shekaru, mutum mai sanyin hali wanda in ya zo gidanmu sai ya sunkuya a ƙofa.

Suna da gwaje-gwaje. Kowane gwaji yakan ba manhajar ƙaramin layi, ya kwatanta amsarta da wadda ke cikin littafi. In sun yi daidai ya nuna kore, in sun saɓa ya nuna ja. Ranar Litinin da yamma duka suka yi kore, Farfesa ta ce an kulle: daga nan zuwa Alhamis ba mai ƙara ko ɗigo.

Ranar Talata da hantsi Auta ta ce za ta faɗa wa agwagwa na ƙarshe, don zuciyarta ta kwanta. Ina kan tebur ina yanka rigar wata maƙwabciya, yadi shuɗi mai farin fure a fuska ɗaya, bayansa fes ba komai. Ta fara daga farko. Na saba da tafiyar, har na san inda take tsayawa ta kurɓi shayi. Ta zo kan gwaje-gwajen tana jero su da jin daɗi: layi mai huɗu, mai shida, mai takwas, a taɓa nan, a taɓa can.

"Ɗari biyu da goma sha huɗu, Umma. Duk kore. Ko ɗaya bai yi gardama ba."

Na yanke hannun riga ɗaya, na ɗaga kwalin awo zan ɗora don na biyu, sai hannuna ya tsaya. A duk jerin nan ban ji an ambaci baƙo ba.

Lokacin da nake koyon ɗinki, uwar ɗakina shekara guda ta bar ni a kan farin yadi, irin wanda ciki da bayansa ɗaya ne. Hannun riga biyu nakan ɗora kwali in yanka, in sake ɗora shi yadda yake in yanka, ban san ana kifa shi ba. Ba wanda ya lura, ni ma ban lura ba, domin a farin yadi in ka juya ɗaya sai ya zama na dama. Ranar da aka fara ba ni yadi mai fure na wata mata, na yanka mata hannun hagu guda biyu. Yadin bai isa na uku ba. Har yau in na tuna fuskar uwar ɗakina sai kunnuwana su yi zafi.

Amma agwagwa ba ta magana. Kuma me na sani? Na ajiye almakashin, rigar ta tsaya da hannu ɗaya. Auta ta rufe kwamfutarta ta yi miƙa, fuskarta a sake, abin da na yi makonni ban gani ba. Ta ce, "Na gode, Umma, kin fi ta roba," ta fita.

Da la'asar na sami Malam a ƙofar gida yana wanke mota, yana goge kan agwagwar da tsumma. Na kai masa shayi na tsaya.

"Malama Agwagwa, kin yi minti biyu kina juya cokali, kuma ban ga kin sa sukari ba."

Na faɗa masa, a gutsure, yadda ya zo mini.

"To ki gaya mata mana."

"Kai ba a kan magana aka kore ka ba?"

"Ni korar ta yi mini daɗi, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ke kuwa kin gane wani abu, ga shi ya hana ki sakat."

"In shirme ne fa? Yarinyar nan yau ta fara cin abinci da kyau. In tayar mata da hankali a kan hannun riga?"

Ya matse tsumman. "In shirme ne ta yi dariya, ni ma in taya ta, a wuce wurin. In ba shirme ba ne kuma kika yi shiru, ranar Alhamis wa za ki kalla?"

Ranar Laraba da safe Auta ta zauna tana duba wasiƙu, ba abin yi sai jira. Na zauna a kujerata, na ɗora littafina a cinya.

"Auta, agwagwa tana da tambaya."

Ba ta ɗago ba. "Agwagwa ba ta magana, Umma."

"A rubuta ranar!" Malam ya ɗaga murya daga falo. "In ba a kore ta ba, zan kai ƙara!"

Auta ta yi dariya ta juyo. "To, tambayi."

"A cikin gwajin nan ɗari biyu da goma sha huɗu, nawa ne da baƙo a ciki?"

"Babu. Littafi ba shi da amsar mai baƙo, ai ita muke nema. Da me za mu kwatanta?"

Na ba ta labarin farin yadi da hannun hagu biyu. Ban taɓa ba ta shi ba. Ta saurara da murmushi irin na wanda ake ba labarin dā, har na fara jin nauyin bakina. Na ƙarasa da cewa, "Ni dai na ga kamar duk a farin yadi kuka gwada. Gobe kuma mai fure za ku yanka, kuma ba shi da saura."

"Umma, ba haka abin yake ba," in ji ta, da ɗan gajiya a muryarta. "Kuma an kulle. Ko na so ba zan taɓa ba."

"To shi ke nan."

Na buɗe littafina kamar mai neman awo. Ta koma ga wasiƙunta. Can sai na ji ta yi tsaki a hankali.

"Bari in gwada a gefe, don hankalinki ya kwanta. Wannan ba taɓawa ba ne."

Ta jera layi mai takwas a kwamfutarta, ta zaunar da baƙo a kujera ta uku, ta sa ɓangaren Dogo ya taɓa ya karanto. Hoto ya fito, layuka takwas a tsaye, ɗaya ya fi sauran duhu. Ta matso da fuska. Ta sa yatsa tana ƙirgawa, yadda nake bin layi in ina karatu.

"Na zaunar da shi a ta uku. Me ya kai shi ta shida?"

Ta sake ƙirgawa, wannan karon daga ɗaya gefen. Ɗaya, biyu, uku. Yatsanta ya sauka a kan mai duhun. Ta janye hannu kamar ta taɓa dutsen guga.

"Innalillahi. Daga dama yake ƙirga."

Ta yi bayanin tana tafiya tsakanin keke da taga, ba ni take kallo ba. Ita daga hagu take ƙirga kujeru, yadda masana ƙarfen ke zana layinsu. Dogo ya daɗe yana aiki da na'urar, ita kuwa na'urar daga dama take lissafa kyubit ɗinta, shi ma hannunsa ya saba da haka. Ba wanda ya yi kuskure a nasa ɓangaren. Layin da ba baƙo ko ta ina ka kalle shi iri ɗaya ne, shi ya sa gwaji ɗari biyu suka yi ta gyaɗa kai. Amma gobe, a layin hamsin, za ta zaunar da baƙo a wannan ƙarshen, Dogo ya je ya taɓa can ɗaya ƙarshen, kujera arba'in da uku a tsakaninsu. Motsin ba zai iso baƙon ba har a gama.

"Kuma hoton zai fito tsaf, Umma. Mu ce baƙo ba ya hana komai. Mu rubuta, mu kai wa kwamiti, ba mu san ƙarya muka ɗauka ba."

Malam ya leƙo ta ƙofa. "An kore ta?"

"Baba, don Allah."

Ya ga fuskarta, ya janye kansa.

Ta kira Dogo da Farfesa a waya mai hoto. Na so in fita, ta riƙe mayafina. Da ta nuna musu, Dogo ya dafe kai da hannu biyu.

"Laifina ne, Injiniya. Ni ya kamata in tambaya."

"A'a, Yaya Dogo, ni ce gaba, ni ya kamata in rubuta ta ina ake ƙirga."

"Ke kin bi yadda masana ke yi. Ni ne na kawo halin na'ura. Ki bar mini."

"Haba, ga mai jego a gidanka, ka huta. Nawa layi uku ne kawai."

"Wallahi nawa ma bai kai uku ba."

Farfesa, mace mai farin gilashi wadda ba ta ɓata magana, ta katse su. "Na buɗe kulle. A gyara, a mayar da wannan gwajin cikin sauran. Gobe da safe a haɗa komai a sake gwadawa gaba ɗaya. Wa ya gano shi?"

Auta ta juya kwamfutar ta fuskance ni. Ban san inda zan sa idona ba.

"Mama, gobe ku zo ofis," in ji Farfesa. "Ina da taro, sai da safe." Ta kashe.

"To shi ke nan," in ji Dogo.

"To shi ke nan," in ji Auta.

Kafin azahar Auta ta juya ƙirgarta ta koma daga dama. Sabon gwajin ya yi kore a kwamfutarta. Ta sa masa suna yadi mai fure, ta nuna mini, na bi haruffan da yatsa sau biyu.

Ranar Alhamis Malam ya kai mu, agwagwa tana ta rawa a gaban mota. Ofishin yana hawa na uku, dogon ɗaki mai sanyi, tebura shida, farin allo cike da rubutun da aka goge rabi aka ɗora wani a kai, butar shayi a kan firji, wayoyi sun bi ƙasan tebura an ɗaure su da zare. A kowane tebur akwai agwagwa, ɗaya har da hular takarda. Malam ya zagaya ɗakin, ya leƙa bayan labule.

"Ina injin?"

"Baba, na gaya maka ba a nan yake ba."

"To ni da na zo da tsumma da sifana fa?"

Dogo ya taso ya durƙusa ya gaishe mu, ya kawo mini kujera mai taya da nake tsoron ta gudu da ni. "Mama, Allah ya saka. Kun fitar da mu kunya. Jiya ban tashi daga kujera ba sai da na juya nawa ya yi kore." Kafin in ce wani abu aka kira shi. Maganar ta tsaya mini a rai. Sai na ce wataƙila a bakinsu juyawa iri-iri ce. Na rubuta ta a bayan littafina.

Farfesa ta makara a hanya, ita ce kuma ke da ikon haɗawa. Sai goma da minti ashirin da biyar aka haɗa ɓangarorin. Gwaje-gwajen minti takwas suke ci. Muka zuba wa babban allon bango ido, kore yana sauka ɗaya bayan ɗaya, Malam yana ƙirgawa a fili har aka roƙe shi ya bari. Ɗari biyu da goma sha huɗu suka wuce. Na ƙarshe, yadi mai fure, ya tsaya, ya yi ja.

Auta ta buɗe hoton. Baƙo yana zaune a kujera ta shida.

"Ba zai yiwu ba. Jiya kore ne. Na gani da idona, Umma ma ta gani!"

Ta fara buɗe shafuka tana rufewa, yatsunta suna zamewa a kan madannai. Dogo ya koma teburinsa yana nasa binciken, kofin shayi a hannu ya manta da shi. Kowa yana magana, ba mai jin wani. Na ga leɓen Auta na ƙasa yana rawa, yadda yake yi tun tana ƙarama in ta rasa takalminta ga motar makaranta tana jira.

Farfesa ta ƙwanƙwasa tebur. "Saura minti ashirin da biyar. Injiniya, bar madannan nan. Faɗa wa agwagwa."

Akwai agwagi shida a ɗakin. Auta ta ja kujerarta ta zo gabana, gwiwarta tana taɓa tawa. Ta ja numfashi.

"Umma. Muna da layi. Ni nake jera shi, in zaunar da baƙo. Yaya Dogo yake taɓawa ya karanto. Jiya muka gano ni daga hagu nake ƙirga, shi daga dama. Sai na buɗe nawa, na juya shi ya koma daga dama, don mu zama ɗaya. Na gwada..."

Littafina yana buɗe a cinyata, maganar Dogo tana rubuce a ciki. Na ɗaga ido ta saman kafaɗarta na kalli Dogo. Kofinsa ya tsaya a rabin hanya zuwa bakinsa.

"Kin juya me?" in ji shi.

"Nawa. Na ce maka layi uku ne."

"Ai na ce ki bar mini. Na juya nawa ya koma daga hagu."

Ashe ita ta koma wurinsa, shi ya koma wurinta, sun wuce juna a hanya. Kowa a kwamfutarsa ya gwada sabon nasa da tsohon na ɗan'uwansa, ya ga kore, ya tafi gida da farin ciki.

Wani daga teburin ƙarshe ya fashe da dariya, ya toshe baki. Auta da Dogo suka zabura a tare, kowa ya nufi madannansa.

"Mutum ɗaya!" Farfesa ta daka tsawa. "Za ku sake juya mini shi sau biyu?"

Malam, da gwiwarsa da komai, ya isa kafin Dogo ya taɓa madannai. Ya kama hannayensa biyu ya riƙe a ƙirjinsa. "Yi haƙuri, ɗana. Na taɓa ganin motar da mutum biyu suka kama sitiyarinta. A kwalbati na same ta."

"Injiniya, ke ce gaba," in ji Farfesa. "Wanne za a mayar?"

Auta ta share fuska da gefen mayafi. "Na'ura daga dama take ƙirga, mu bi ta. Nawa ya tsaya yadda na juya shi. Yaya Dogo, naka za a mayar yadda yake a dā. Ni zan taɓa, kai ka faɗa mini layin."

Haka aka yi. Dogo yana tsaye, hannayensa a hannun Malam, yana karanto mata lambar layi ta saman kanta. Layi biyu ne. Aka sake sakin gwaje-gwajen. Minti takwas ɗin nan na ji su a ƙashin bayana. Wannan karon ba wanda ya hana Malam ƙirgawa, wasu ma suka taya shi. Sha ɗaya saura minti shida, yadi mai fure ya yi kore.

"Baba, za ku iya sakina," in ji Dogo.

"Sai an aika."

Sha ɗaya daidai Auta ta danna. Na zaci za a ji ƙara ko fitila ta yi ƙyalli. Ba abin da ya faru sai wani siririn layi da ke cika a hankali a ƙasan allo. Aka dafa shayi. Malam ya ba wani matashi labarin yadda ake gane ciwon inji da kunne, shi kuma ya saurara kamar agwagwa ta gari.

Sha ɗaya da rabi hoton farko ya fito. Bai yi tsaf kamar na kwamfutar Auta ba, ya yi dishi-dishi, kamar yadin da aka wanke rininsa ya zuba. Amma ko ni na gani. Daga kujera ta huɗu motsin ya bazu gefe ɗaya ya yi ta tafiya. Ta ɗaya gefen kuwa ya zo ta uku ya ci karo, kaɗan ya ratsa, mafi yawa ya dawo da baya. Gefe biyun ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Farfesa ta cire gilashi ta goge, ta mayar, ta daɗe tana kallo. "Wannan za a iya ɗauka a kai wa kwamiti," in ji ta. Ta koma farin allo, ta goge wani lungu, ta rubuta da manyan baƙaƙe: daga dama ake ƙirga, kuma mutum ɗaya ke juyawa.

Auta ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kujerata mai taya, ta jingina kanta da gwiwata, a gaban shugabarta da kowa. Na gyara mata mayafi.

A hanyar gida Malam ya nuna agwagwar gaban mota da haɓa. "Auta, in kina so in ɓamɓaro miki kayarki. Gam ɗin ba mai ƙarfi ba ne."

"Bar ta, Baba. An cike gurbin."

"To ni fa? Ummanki an sa wa gwaji sunan yadinta. Ni da na riƙe ƙaton nan minti goma sha biyar, hannuna har yanzu ciwo yake?"

"Rabin abin da Farfesa ta rubuta a allo naka ne."

"Ban ga sunana ba."

"Agwagwa ma ba a sa sunanta ba."

Ya yi ƙwafa. "Haka ake yi wa ma'aikata a ofishin nan."

Ƙarshen wata kwamiti ya zauna, aka bar aikin a hannun Auta, aka sake sa su a layin na'ura. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, da muka iso gida, rigar maƙwabciya tana nan a kan tebur tun Talata da hannu ɗaya, mai ita kuma ta aiko sau biyu. Na shimfiɗa shuɗin yadin, na ɗora kwalin awo, na zagaye shi da alli. Na ɗauki almakashi ke nan sai na ji Auta a bayana, kofi a hannu.

"Umma, kin kifa kwalin?"

Na kifa. Shekara arba'in ke nan ina kifawa. Amma sai da na ajiye almakashin, na ɗauko hannun farko, na kara shi a kai na duba.